Yadda Za Ka Zaɓi Jita Mai Tudun Fuska ko 'Yar Ruwa Biyu, Ka Saita Ta Ta Bi Hannunka

Mutane da yawa sun sayi jitar aktof, wato mai tudun fuska, saboda wata murya da suka ji a faifan makaɗan jaz Wes Montgomery ko Joe Pass, murya mai kauri da ɗumi wadda kowane amo yake fita a dunƙule. Ba a jima ba sai ka ji wasunsu suna ƙorafi iri ɗaya: tsirkiya ta yi tauri, ƙoƙon ya yi girma har kafaɗa tana ciwo, kuma da zarar mai ganga ya shigo aka ƙara sauti, sai jitar ta hau kuka, wato ƙugin da ke tashi in sautin lasifika ya dawo cikinta. Waɗanda suka koma wa 'yar ruwa biyu, jitar da ke haɗa muryar akustik da ta lantarki a jiki ɗaya, su ma da nasu kukan: kowace murya ta fito, amma ba wadda ta cika.

Yawancin waɗannan ƙorafe-ƙorafe daga tushe ɗaya suke. Allon fuskar jita tamkar fatar ganga yake. Idan an bar shi yana rawa yadda yake so, shi ke ba da murya mai rai, kuma shi ne ke kama iskar lasifika ya jawo kuka. Idan an ɗaure shi, kukan ya tafi, wani abu na muryar ma ya bi shi. Duk matakan da ke ƙasa hanya ce ta gano inda ya kamata kai ka tsaya tsakanin waɗannan biyun.

Mataki na 1: Ka san ƙarfin sautin da kake kiɗa a cikinsa

Kafin ka taɓa kowace jita, ka amsa wa kanka wannan tsakani da Allah. Kai kaɗai kake kiɗa a ɗaki? Kai da mai waƙa ko mai bes? Ko kuwa akwai cikakkun ganguna da kibod da lasifikoki a gaban dandamali? Amsar ita ce za ta zubar da rabin jitocin da kake sha'awa, kuma gara ta zubar da su yanzu da bayan ka biya kuɗi.

Mataki na 2: Ka rarrabe su, domin ba duk mai huda biyu ce iri ɗaya ba

Daga nesa duk kamarsu ɗaya: fuska mai tudu, huda biyu masu siffar harafin f, da ƙarfen wutsiya da ke riƙe tsirkiyoyi. A ciki kuwa sun sha bamban.

Ta farko ita ce sassaƙaƙƙiya. Orville Gibson ne ya fara sassaƙa fuskar jita da bayanta irin na biyolin a Kalamazoo ta jihar Michigan a Amurka, cikin shekarun 1890. Lloyd Loar ya zo ya ƙara mata hudar f a Gibson L-5 wadda ta fito a 1923. A irin wannan gini ana sassaƙa fuskar daga icen sufurus mai kauri, baya da gefuna kuma daga icen mefil. An yi ta ne don ta ratsa ƙarar ƙahonni a zamanin da babu amfilifaya, shi ya sa aka yi ta faɗaɗa ta: L-5 ta tashi daga inci 16 zuwa 17, Super 400 ta 1934 ta kai 18. Freddie Green ya yi kimanin shekara 50 yana riƙe wa ƙungiyar Count Basie kiɗa da irin wannan jita ba tare da wuta ba. Muryarta tana fita da sauri kamar haushi, tsakiyarta cike, kuma ba ta daɗewa tana ja. Wanda ya saba da akustik mai shimfiɗaɗɗiyar fuska yakan ce ta bushe a jin farko. Wannan bushewar da gangan aka yi ta, don kowane kodi, wato amo da yawa da ake kaɗawa tare, ya fito ya ba na gaba wuri.

Ta biyu ita ce mai allon hawa-hawa, wanda aka manna siraran falle-falle aka matse su a kan tudu. Gibson ES-175 ta 1949 ita ce uwar wannan gida, ita Joe Pass da Jim Hall suka daɗe suna riƙewa. Idan babu wuta muryarta ba ta kai ta sassaƙaƙƙiya ba, ko kusa. Amma allonta bai cika rawa ba, don haka tana jure sauti, kuma ita ce ke ba da wannan amo mai “dum” da yawancin mutane ke nufi in sun ce muryar jaz. A ganina, ga mutum mai kiɗa da abokai a bainar jama'a, wannan ta fi sassaƙaƙƙiya amfani, kuma kada kowa ya sa ka raina ta don an ce ba icen asali ba ne.

Ta uku ita ce mai ginshiƙi a tsakiya. A 1958, zamanin da Ted McCarty ke shugabantarta, Gibson ta fitar da ES-335: ƙoƙo siriri, da gungumen mefil da ya ratsa cikinta daga wuya zuwa gindi, sai fukafukai biyu da aka bari fayau. Amonta yana ja kusan kamar na jita mai dunƙulallen jiki, kuma da wuya ta yi kuka. A nan ne mutane ke ruɗewa, domin ES-330 da Epiphone Casino siffarsu ɗaya da ita amma babu ginshiƙi a cikinsu. Sun fi ta sauƙin nauyi da sakin murya, sun kuma fi ta saurin kuka. Ka leƙa ta hudar f da tocilar wayarka. In akwai ginshiƙi za ka gan shi. Wasu jitocin Gretsch sun bi hanyar tsakiya, da wasu 'yan dogarai da ke haɗa fuska da baya.

Ta huɗu ita ce 'yar ruwa biyu, kuma ita tana buƙatar matakinta daban.

Mataki na 3: Ka fara jin ta babu wuta, kuma daga gabanta

Abin da mai kiɗa ke ji a ƙarƙashin kunnensa daban yake da abin da aktof ke jefawa gaba. Ka ba wani ya kaɗa, kai ka koma taku huɗu ko biyar ka saurara. In kai kaɗai ne, ka fuskanci bango ko ka ɗauki sautin da waya daga nesa. Jitar da ka ɗauka siririyar murya gare ta za ta iya ba ka mamaki.

Daga nan ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet, wato 'yan ƙarafan da ke gitta wuyan jita, har ƙarshen wuya. Kana neman wurin da amo ya mutu da wuri, ko wurin da ya kumbura fiye da maƙwabtansa. Wannan mai kumburin shi ne zai fara kuka idan an sa wuta. Ka kaɗa a hankali, sannan ka daka da ƙarfi. Sassaƙaƙƙiya ta gari tana ƙara buɗewa in an matsa mata, mai rauni kuwa sai ta shaƙe. Ka karkata jitar ka dubi fuskar ta gefe a wajen jaki, wato katakon da tsirkiyoyi ke hawa. In tudun ya lotsa, ko ƙusoshin ɗaga jakin sun kai ƙarshen tsayinsu, ko kuma an sauke shi ƙasa ƙwarai amma har yanzu tsirkiya tana sama, akwai matsala a fuska ko a kusurwar wuya, kuma gyaranta ba ƙaramin aiki ba ne.

Mataki na 4: Ka bar kafaɗa da yatsu su yi magana

Ka zauna da ita aƙalla minti 20, ka kuma tsaya da ita da maɗauri. Ƙoƙo mai faɗin inci 17 da zurfin fiye da inci 3 yana tura hannun dama gaba da sama. Mai dogon hannu ba zai ji komai ba, wani kuwa kafaɗarsa za ta fara zafi kafin a gama waƙa uku. Wannan ba abu ne da ake sabawa da shi ba. Ciwo ne da ke taruwa. Shi ya sa aka yi ƙanana irin Ibanez GB10 ta George Benson, mai faɗin kusan inci 15. ES-335 kuma siririya ce, ba ta kai inci 2 ba, sai dai ginshiƙin ya sa ta fi yadda ake zato nauyi.

Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki shi ma yana da tasiri. L-5 ta zamani inci 25.5 ce, amonta tsaf, tsirkiyarta a ɗame. ES-175 da ES-335 inci 24.75 ne, sun fi laushi a yatsa kuma miƙa hannu ya fi sauƙi. Gibson Johnny Smith ta 1961 ta tsaya a 25, Byrdland ta 1955 kuwa 23.5 ce kacal, wadda wasu ke ƙauna wasu kuma ke cewa yatsunsu sun cunkushe. Faɗin wuya a kai yawanci milimita 43 ne; mai kiɗa da yatsu ba da fik (ɗan tsinken kaɗa tsirkiya) ba yakan fi son 44.5. In kana yawan hawa can saman wuya, ka lura da inda wuyan ya haɗu da ƙoƙo: a ES-175 firet na 14 ne, a ES-335 na 19.

Mataki na 5: Sa wuta, ka kai ta inda za ta yi kuka

Fikof, wato na'urar da ke ɗaukar rawar tsirkiya ta kai wa amfilifaya, iri biyu ne a wannan duniya. Akwai mai lilo, wanda aka maƙala a ƙarshen wuya ko a jikin allon kariya, bai taɓa fuska ba, kamar tsohon DeArmond ko na Johnny Smith. Yana barin ice ya yi rawa, muryarsa tana da haske da iska, kuma kuka yana kusa. Akwai kuma wanda aka fafe fuska aka dasa shi, ko P-90 mai kaifi da 'yar ƙara, ko hambaka mai kashe wannan ƙarar da Seth Lover ya ƙirƙira, wanda ya fara hawa jitocin Gibson a 1957. Nauyinsa yana danne fuskar, muryar ta yi kauri, ta ƙara jure sauti. Fikof biyu da maɓallai huɗu sun fi ɗaya danne ta. Wanda ya sayi sassaƙaƙƙiya mai fikof mai lilo yana neman muryar ES-175 zai sha wahala a banza, haka ma akasinsa.

In da hali, ka gwada da amfilifayarka. Ka sa bes ƙasa da rabi tun farko, domin ƙoƙon ya riga ya kawo nasa. Kuskuren da aka fi yi shi ne murɗe maɓallin murya har ƙasa don neman duhu; abin da ke fita laka ce, ba a jin bakin amo. Ka rage maɓallin ƙarfi na jitar zuwa 7 ko 8, ka ƙara a amfilifaya, ka ɗauki fik mai kauri kamar milimita 1.5, ka matsa hannunka kusa da wuya. Wes Montgomery da naman babban yatsa yake kaɗawa, kuma kaso mai yawa na ɗuminsa daga nan yake.

Yanzu ka ƙara sauti har ya kai na wurin da ka faɗa a mataki na farko, ka riƙe amo mai kauri ka saki. In ta fara gurnani, ga abin da makaɗa ke yi bi da bi. Su mayar da amfilifaya ɓangaren kan jita, ta yadda lasifika ba ta fuskantar bayan ƙoƙon. Su ɗaga ta daga ƙasa, su janye ta daga kusurwar ɗaki. Su ƙara rage bes. Su ɗora damtse a kan fuskar, su kuma kwantar da gefen tafi a kan tsirkiyoyin da ba a kaɗawa. In duk bai yi ba, su toshe hudar f da soso ko roba da aka yanka daidai ita. B.B. King ya daɗe yana cusa tsumma a cikin jitarsa, daga baya Gibson ta yi masa Lucille babu huda ko ɗaya. Idan sai ka toshe huda kullum kafin ka iya kiɗa, to mai ginshiƙi ce jitarka tun asali.

Mataki na 6: Tsirkiya

Kada ka yanke wa aktof hukunci da tsirkiyar da ta zo da ita. Fuska mai tudu tana son a danne ta kafin ta yi magana, kuma jakin ba manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kawai ke riƙe shi. Siririyar tsirkiya mai lamba 9 ko 10 tana barin muryar fayau, jakin kuma yana zamewa in ka ja tsirkiya. Ka fara da 12. In yatsunka ba su saba ba, 11 ta isa na ɗan lokaci.

Mai santsi, irin D'Addario Chromes ko ta Thomastik-Infeld, ba ta ƙugi in yatsa ya zame, amonta gajere ne mai duhu, tana kuma daɗewa ba ta lalace ba. Mai kaushi tana da haske da ja, ta fi dacewa da bulus da duk kiɗan da ake lanƙwasa amo. Ta tagulla ita ce ke fito da muryar sassaƙaƙƙiya babu wuta, amma fikof na maganaɗisu ba ya jin tagulla, ƙarfen cikinta kawai yake ji, don haka sirara biyu za su fi sauran ƙara. Abu ɗaya da ake mantawa: yawancin jakunan katako an yanka su ne don tsirkiya ta uku mai naɗi. In ka sa marar naɗi, za ta riƙa yin sama da daidai duk yadda ka saita. Ko ka koma mai naɗi, ko ka sa jakin da aka yanka don marar naɗi, ko na ƙarfe mai ƙusoshi shida. Na ƙarfen yana ƙara haske da ja, na katako ya fi ɗumi.

Mataki na 7: Saita wuya da jaki

Ka riƙa canza tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. In ka cire duka, jakin zai faɗi ko ya goce. In dole ne, ka fara manna ɗan tef marar ƙarfin danƙo a gaban ƙafafunsa da gefensu, ka cire shi da ka gama.

Ka fara da wuya. Ka danne tsirkiya mafi kauri a firet na 1 da kuma inda wuya ya haɗu da ƙoƙo, ka dubi ratar da ke tsakaninta da firet na 7. Kamar milimita 0.2 ake so, 'yar rata da ƙyar ido ke gani. In ta yi yawa, ka ɗaure ƙarfen cikin wuya. In babu ita sam, ka sassauta. Kwatan zagaye ya isa a lokaci ɗaya, ka sake ɗaure tsirkiya ka auna. In ƙarfen ya ƙi juyawa, ka tsaya, ka kai wa mai gyara.

Sai tsayi. Ka ɗan sassauta tsirkiyoyi kafin ka murɗa ƙusoshin jaki. A firet na 12, milimita 2 a kakkaura da 1.5 a siririya wuri ne mai kyau na farawa ga mai kiɗa da wuta. Mai dukan kodi babu wuta zai so ya haura 2.5, na Freddie Green ya fi haka nesa ba kusa ba. Wannan shi ne sirrin da sababbi ba su sani ba: tsirkiya 12 ko 13 a kan miƙaƙƙen wuya tana sauka ƙasa ƙwarai ba ta yi ƙara ba, domin ba ta kaɗawa da faɗi. Yawancin masu cewa aktof tana da tauri, jitar da ba a saita ba suka riƙe.

Wurin zaman jaki kuwa, yawanci yana daidai da 'yan tsagogin tsakiyar hudar f, amma kunne da na'urar saiti ne alƙalai. Ka saita siririyar tsirkiya a sake, ka danna ta a firet na 12. In amon ya yi sama, ka tura wannan ɓangaren jakin baya wajen wutsiya. In ya yi ƙasa, ka jawo shi wajen wuya. Ka maimaita a kakkaura. Jakin zai ƙare a ɗan karkace, ɓangaren kauri ya fi ja baya, kuma haka ya kamata. Daga nan ka gwada zura siririyar takarda a ƙarƙashin ƙafafunsa. In ta shige, jakin bai zauna ba kuma murya tana zuba ta nan. Ana gyara shi da shimfiɗa takardar yashi a kan fuskar, yashin yana kallon sama, a riƙa goga gindin jakin a hankali har ya ɗauki siffar tudun.

Aktof tana da 'yan ƙararraki da ke haukata mutum. Kafin ka zargi firet, ka kaɗa amon da ke jawo ƙarar ka riƙa taɓa abubuwa da ɗaya hannun: allon kariya, ƙarfen wutsiya, murfin fikof, goron maɓalli. Inda ƙarar ta tsaya, nan ne. Wani lokaci waya ce a ciki take taɓa allo. Guntun tsirkiyoyin da ke tsakanin jaki da wutsiya su ma suna amsawa da wani siririn amo. Ɗan ƙyalle da aka saƙa a tsakaninsu yana kashe shi. Sassaƙaƙƙiya kuma tana son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. In iska ta bushe fuskar tana sauka, tsirkiya ta fara taɓa firet, a ƙarshe ice ya tsage, don haka ka ajiye ta cikin akwatinta da abin ba da laima.

Mataki na 8: 'Yar ruwa biyu

Parker Fly ta 1993 ta haɗa fikof na maganaɗisu da fiyezo, mai ɗaukar rawar tsirkiya ya ba da muryar akustik, a jaki cikin jiki marar nauyi. Taylor T5 ta zo a 2005, Fender Acoustasonic Telecaster a 2019, ga kuma Godin A6 Ultra da PRS Hollowbody mai fiyezo. Amfaninsu a fili yake: jita ɗaya a kafaɗa, ka yi baiti da muryar akustik, ka juya maɓalli ka shiga amshi da ta lantarki, kuma ba su cika kuka ba.

Sai dai taura biyu ba ta taunuwa, kuma a nan taurar ita ce tsirkiya. Murya biyu ne, saitin tsirkiya ɗaya. Acoustasonic da tagulla take zuwa, don haka ɓangaren akustik ya fi gamsarwa a hannu da kunne, amma lanƙwasa amo yana da wuya. T5 da PRS da tsirkiyar lantarki suke zuwa. Hannu yana gudu, muryar akustik kuwa ta fi siranta. Saboda haka ka tambayi kanka wace murya ce kake yi a yawancin waƙoƙinka, ka sayi wadda aka gina a kan wannan, ka ɗauki ɗayar a matsayin ƙari.

Rabin masu cewa fiyezo ba ta da daɗi, cikin amfilifayar lantarki suka zuba ta. Lasifikar irin wannan amfilifaya tana yanke saman sauti daga wajen haz 5,000 (haz ma'aunin kaifin sauti ne), inda ƙyallin akustik yake. In jitar tana da mafita biyu, ko ɗaya mai ɗaukar waya mai layi biyu, ka raba su: maganaɗisu zuwa amfilifayar jita, fiyezo zuwa amfilifayar akustik ko na'urar haɗa sauti. In ka gauraya su ka ji muryar ta rame maimakon ta cika, suna cin karo ne. Ka danna maɓallin juya fes, wanda ke hana wannan cin karon, in akwai. Fiyezo tana da wani amo mai “kwak” in an daka ta da ƙarfi. Ka sassauta hannun dama, ka sa fik mai laushi, ka ɗan rage sauti tsakanin haz 1,000 da 2,000. Ka daidaita ƙarfin muryoyin biyu tun a gida don kada ɗaya ta danne ɗaya a tsakiyar waƙa. Ka kuma tuna da batir: a yawancinsu yana ci muddin waya tana soke a jitar, ko ana kiɗa ko ba a yi, kuma alamar ya kusa ƙarewa ita ce muryar ta fara tsagewa. Ka zare wayar in ka ajiye jita, ka bar sabon batir mai bolt 9 a aljihun akwati, in kuma irin mai caji ce kamar Acoustasonic, ka cika ta kafin ranar kiɗa.